Rijiya A Ƙarƙashin Teku

Mount Hope, Bronx
Lahadi da hantsi

Zuwa ga 'yata Hadiza, Ummina mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya ƙalau, ko a jirgin sama kika buɗe ta ko a ɗan ɗakin da za su ba ki a kan teku. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a kan ruwa, Ya dawo mana da ke da ƙafafunki.

Na san za ki yi dariya. Mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki, wanda kuke shan shayi tare kullum da safe, shi ne ya zauna yana rubuta miki wasiƙa kamar yana Azare kina Makka. Ki ƙyale ni. Akwai maganar da bakina ya kasa fitarwa tun ranar Laraba, shi ya sa na ce bari hannu ya gwada. Mamanki tana kicin tana fama da dambun naman da ta rantse sai kin tafi da shi, duk da kin gaya mata sau uku cewa auna jaka ake yi kafin a hau helikwafta. Idan na gama zan cusa takardar cikin takalminki na aiki, wannan mai ƙarfe a baki, don na tabbata shi dai ba za ki manta da shi ba.

Ummi, murna ta hana ni zama. Babu wanda ya shiga tasina a makon nan bai ji labarinki ba. Jiya na ɗauki wata tsohuwa daga Grand Concourse zan kai ta wajen likitan haƙori, kafin mu isa ta san sunanki, ta san kin karanta ilimin duwatsu, ta san gobe Litinin za ki tashi zuwa kudu ki shiga teku haƙar mai. Da za ta sauka ta ce in gaishe ki, to ga gaisuwarta na isar. Yarinyar da ke cika aljihu da tsakuwa a duk lambun da muka je, har ta taɓa tsayar da injin wanki mamanki ta sha kunya wajen masu shagon wankin, yau ita kamfani ya ɗauka don ta gaya masa abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ina tuna lokacin da nake kai ku shiga feri, jirgin ruwan fito, ranar Lahadi, mu je St. George mu dawo don shan iska kawai. Sai ki kama ƙarfe ki leƙa ki ce, "Baba, mene ne a ƙasan ruwan?" In ce laka. Ki ce, "A ƙasan lakar fa?" In ce ki ci biskit ɗinki.

Kin san kafin in zo ƙasar nan in zama direba, shekara goma sha ɗaya na yi ina haƙa rijiyar burtsatse, tun daga ƙasar Bauchi har Borno. Ina ɗaukar kaina wanda ya san ƙasa ciki da waje. Amma ranar Laraba da kika baje takardunki a kan tebur kina yi mana bayanin naku aikin, sai na gane ashe ni susa kawai na yi ta yi mata. Kin ce jirgin da za ki zauna a kai ba kafe shi aka yi ba, yana kan ruwa ne, injuna suna ta tura shi nan da can don ya tsaya wuri guda, iska da igiyar ruwa kuma suna ta jan sa. Daga cikinsa a zura bututu ya ratsa ruwan da ko an ɗora dogayen benayen Manhattan uku a kan juna ba za su leƙo ba. Sai an taɓa ƙasan teku sannan a yi bismillah a fara haƙa. A wuce laka, a wuce yashi, a wuce yumɓu, sai a ci karo da gishiri. Da kika ce gishiri na ɗauka ban ji daidai ba. Dutse guda na gishiri, mai kaurin da za a yi kwanaki ana huda shi, wanda kika ce yana motsi a hankali yana matse ramin bayan an wuce. Man kuma yana can ƙarƙashinsa, cikin zafi. Tun ranar duk lokacin da na ɗauki gishiri zan barbaɗa a abinci sai na ɗan tsaya na dube shi.

Da kika zo kan laka kuwa sai na gyara zama, don wannan kam yarena ne. A haɗa laka a tura ta cikin bututu, ta sanyaya haƙorin inji, ta kwaso ɓarɓashin dutse ta fito da shi sama, nauyinta kuma ya danne abin da ke ƙasa kada ya taso. Mu ma haka muke yi. Sai dai mu ruwa muke dannewa, ku kuwa mai da iskar gas, waɗanda in suka kuɓuce wuta ce a tsakiyar teku. Na ji daɗi ƙwarai da na ga aikina da naki 'yan uwa ne, har na riƙa amsa wa mamanki tambaya kafin ki buɗe baki.

Sai mamanki ta ce, "To ke mene ne naki a ciki?"

Kika ce, "Ni zan riƙa duba ɓarɓashin da laka ke fitowa da shi, da lambobin kwamfuta. In na ga pressure, wato matsin da ke ƙasa, yana hawa, sai in gaya musu su tsaya."

Ta ce, "Su wa?"

Kika ce, "Driller, mai riƙe da injin haƙa, da ogan kamfani. Wasu sun shekara talatin a teku, Mama. Akwai ma waɗanda suka girmi Baba."

Kanki a sunkuye kika faɗi haka, da wannan muryar taki da sai mutum ya matso yake ji. Ban ji tsoron teku ba, ban ji tsoron helikwafta ba, ban ma ji tsoron guguwar da mamanki ke ta bibiya a talabijin ba. Abin da ya tsorata ni shi ne aikinki gaba ɗaya ya rataya a kan ki dubi dattijo ido cikin ido ki ce masa ya tsaya, ni kuma na yi shekara ashirin da huɗu ina koya miki kada ki taɓa yin haka. Wannan ce maganar da ke cikina. Amma bari in bi ta hanya, in fara ba ki labarin ƙananan kurakuraina. Ban taɓa ba ki su ba, don uba yana so 'yarsa ta ɗauka bai taɓa haƙa busasshiyar rijiya ba.

Na haƙa kuwa. A wani ƙauye ne na ƙasar duwatsu, shekarar da aka fara ba ni inji. Wani ma'aikaci ya riga mu zuwa da wayoyi da na'ura, ya auna ƙasa, ya kafa turke, ya ba mu takarda mai hatimi cewa akwai ruwa a zurfi kaza. Muka kai zurfin, babu. Abin da ke fitowa gari ne fari, busasshe, na dutsen da ba shi da tsaga ko ɗaya, kuma na san ruwa ba ya zama a irin wannan. Ina murza shi a hannu ina ganin gaskiya, amma sai in koma in dubi hatimi. Kwana uku na ƙara ina ƙona mai, matan gari suna zuwa da tuluna suna zama a inuwa suna jira. Ranar da muka naɗe kaya babu wadda ta yi mana magana mara daɗi, sannu da aiki ma suka yi mana, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ke ma kin nuna mini hotonku na ƙarƙashin ƙasa mai launi-launi, wanda kika ce da amsa-kuwwar sauti ake zana shi, kuma gishiri yana dagula shi har a rasa gane abin da ke ƙasa. To ki girmama hoton, mutane sun sha wahala a kansa. Amma in ya ce yumɓu, rariyar da kike tace laka da ita kuma ta tare yashi, ki bi rariya. Ki taɓa abin da hannunki, ki shinshina shi, kada ki bar kwamfuta ta yi miki duka.

Akwai kuma lokacin da rami ya taɓa ruftawa ya riƙe mini bututu, sai tsoro ya sa na koma haɗa laka mai kauri kamar za a yi gini. Na ce daga yau ba abin da zai sake motsi. A rijiya ta gaba nauyin lakar ya fasa ƙasa, ramin ya shanye ta tas, muna tsaye muna kallo. Da kika ce a rijiyoyinku tsakanin laka ta yi sauƙi da ta yi nauyi ɗan taƙi ne, wani wurin ma kamar kaurin zare, na gane nan take. Mai tsoro ma yana ɓata rijiya, Ummi. Kada abin da ya faru jiya ya auna miki lakar yau, ki auna ta da abin da ke gabanki.

Wanda ya fi waɗannan ba ni kunya shi ne na siminti. Idan an gama haƙa ana zura bututun da zai tsare bangon rijiya, wanda muke kira kesin, a zuba siminti a bayansa a jira ya kama, don kada ƙazamin ruwan sama ya gangara ya haɗu da na sha. Saura kwana biyu Babbar Salla, ni kuma sabon ango, mamanki tana Azare tana jira. Na taɓa simintin da yatsa na ji bai gama ba, na ce ai zai ƙarasa da kansa. Muka ɗora famfo muka kama hanya. Da damina ta sauka ruwan ya koma ja, yara suka yi ta gudawa, aka rufe rijiyar mutane suka koma rafi. Allah Ya taƙaita ba a rasa rai ba. Na ci naman Salla a gida, amma har yau in na tuna sai in ji ɗacinsa. Ke ma ranar sauka za ta zo, bayan kin yi makonni a kan ruwa, jakarki a ɗaure, kunnenki yana jiran ƙarar helikwafta. A irin wannan rana ce za a kawo miki sakamakon gwajin da bai fito sarai ba, kowa kuma yana so a ce ya yi. In bai yi ba ki ce bai yi ba. Mu muna nan, Bronx ba za ta gudu ba.

Af, kafin in manta. Mamanki ta ce in gaya miki tunda jirgin juyawa yake yi, ki riƙa duba alƙibla a kowace salla, kada ki dogara da inda kika fuskanta da asuba. Ta kuma ce ki yi abota da mai dafa abinci tun ranar farko. A wannan na goyi bayanta ɗari bisa ɗari, don a duk sansanin da na zauna mai tukunya ya fi oga sanin abin da ke faruwa. Ki kuma gaida masu kama bututu da sunayensu. Digirinki bai taɓa jin nauyin ƙarfe ba, hannuwansu sun ji.

To yanzu ga babbar.

Can wajen tafkin Chadi ruwa yana matse ne a ƙarƙashin yumɓu mai kauri. In ka huda yumɓun da kansa yake tasowa, ba ya jiran famfo. Muna haƙa a wani gari a can, shugabanmu Baba Garba. Ba ki san shi ba, ya rasu kafin a haife ki. Aminin mahaifina ne, shi ya koya mini aikin tun daga riƙe sifana, shi ya je nema mini auren mamanki. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. Akwai kuma Sale, sa'ana, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ke tsaye a bakin rijiya yana haɗa bututu.

Ran nan Baba Garba ne a kan inji, ni aka ajiye a ramin laka. Na kafa kara a gefen ramin na yi masa alama, kamar yadda shi da kansa ya koya mini. Wajen azahar na ga laka ta wuce alamar, alhali ba wanda ya ƙara ruwa. Na ɗebo da hannu na ji ta tsinke kamar koko. Da aka kashe famfo za a ƙara bututu, sai na ga ba ta daina fitowa ba. Ummi, ba shakka nake yi ba, na san abin da nake gani. Ƙasa ce ta fara turo ruwanta, lakarmu ta kasa danne shi. Abin yi a tsaya nan take a ƙara mata nauyi.

Na tashi na je wajen Baba Garba. Leburori suna kewaye, mai gari da mutanensa suna zaune a tabarma suna kallo. Na rusuna na ce, "Baba, sannu da aiki."

Ya ce, "Yauwa Sani."

Na ce, "Baba, ko za a ɗan tsaya a sha shayi?"

Ya ce, "Bari mu sa bututu biyu tukuna."

Na koma bakin ramina. Ina ce wa kaina mutumin da ya shekara talatin yana wannan aiki ai ya gani, ni wa zan koya wa. In na faɗa a gaban jama'a kamar na ce bai iya ba ne. Laka ta ƙara hawa, na sake tashi, na sake rusunawa, na ce, "Baba, rana fa ta yi zafi." Ya dube ni da mamaki ya ci gaba da aikinsa.

Ba a gama sa bututu na biyu ba ruwa ya ɓalle. Ya taso da yashi ya fi motar injin tsawo, kuma ba ta cikin rami kaɗai ba, har ta gefensa. Kafin mu ankara ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin tayoyi, inji ya karkata, bututu ya sulluɓe ya danne ƙafar Sale. Mu shida muka ɗaga shi, ruwa yana dukan fuskokinmu. A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ruwan kuma ya yi kwanaki yana zuba har ya mai da gonar wani bawan Allah fadama.

A harabar asibitin, ƙarƙashin wata bishiya, Baba Garba ya kira ni. Ya ce, "Sani, ka ga lakar ta ƙaru?"

Na ce, "Na gani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in ce a sha shayi."

Sannan ya ce, "Ni idona yana kan bututu. Kai na ajiye a bakin rami don ka zama idona. Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Kunya, Baba."

Ya ce, "Da ka ce Garba tsaya, ko da zagi ka haɗa, da na gode maka har in mutu. Ka je ka duba abin da kunyarka ta yi wa Sale."

Na je na duba. Sale ya yafe mini, ya ce haka Allah Ya rubuta. Daga baya ya koma ɗinki, yana taka keke da ƙafa ɗaya. Ni kuma ban ƙara shekara a aikin ba.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. In kin ga laka tana ƙaruwa, ko gas yana hawa, ko ɓarɓashin dutse ya canza kama yana nuna ƙasa ta fara turi, kada ki tsaya gaisuwa. Kada ki yi kewaye-kewaye, kada ki ce ko za a duba, kada ki jira wani ya riga ki. Ki kira sunan mutumin, ki faɗi abin da kika gani, ki faɗi lambar, ki ce a tsaya, da muryar da za ta fi ƙarar inji. In ya yi kamar bai ji ba ki maimaita. In ya ce ke yaushe kika zo, ki ce jiya, amma laka ta ƙaru. In ya ƙi, ki wuce wajen na sama da shi. Kin ce akwai doka a can cewa kowa yana iya tsayar da aiki, ko mai shara ne. Madalla da wannan doka, amma a takarda take, ba ita za ta buɗe miki baki ba. In kin tsayar da su ya zama ba komai, za a yi asarar 'yan awoyi, su yi miki tsiya a wajen cin abinci na mako guda, shi ke nan. Kuma ki sani dattijon da ke kan injin ba maƙiyinki ba ne. Shi ma yana da 'ya'ya a gida, so yake a gaya masa.

Za ki ce mutumin da ya ga wannan da idonsa ai zai tarbiyyantar da 'ya'ya masu magana. Ina. Da na zo ƙasar nan na ga yadda yara ke mayar wa iyayensu magana a cikin tasina, sai tsoro ya kama ni na ƙara ɗaure ku tamau. Kina aji shida malamarku ta kira ni ta ce Hadiza ta san amsa amma ba ta ɗaga hannu, kuma ba ta kallon mutum in ana yi mata magana. Ita ƙorafi take yi, ni kuwa daɗi ya cika ni, har askirim na saya miki a hanya.

Sai ranar wata Ƙaramar Salla, kina shekara goma sha biyar. Alhaji Isufu mai shago, mutumin Maraɗi, da Alhaji Mumuni na Kumasi suna falonmu. Alhaji Mumuni yana ta cika baki cewa an samu mai a tekun ƙasarsu. Ni kuma tsohon mahaƙi, na gyara murya na ce ai mai tafki ne guda a ƙarƙashin ƙasa, hudawa kawai ake yi a zura bututu a zuƙa. Kin shigo da faranti, kika tsaya, idonki yana ƙyalli, kika ce, "A'a Baba, ba tafki ba ne. Yana cikin 'yan ƙananan ramukan dutse ne, kamar ruwa a cikin soso. Shi ya sa..." Ban bar ki kin ƙarasa ba. Na ce, "Wa ya sa bakinki? Ajiye ki fita." Kika ajiye, kika rusuna, kika fita.

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne tun kafin ki kai ƙofa na san ke ce da gaskiya. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina ciro ruwa daga cikin yashi, ai na san ba tafki ake tararwa ba. Daɗin baki ne ya kwashe ni, girman kai kuma ya hana ni dawowa. Tun daga ranar ba ki sake gyara mini magana ba. Ko hanya na ɓata kina gidan gaba, shiru kike yi har sai na gane da kaina. Ni kuma ina ta yabonki a masallaci, ina cewa 'yata ba ta da baki.

Shekaranjiya bayan sallar Juma'a na bi su shagon Alhaji Isufu. Su biyun suna nan, ga kuma mutane kusan goma ana shan shayi. Na tsaya a tsakiya na ce a ba ni kunne. Na tuna musu wancan zama, na ce a gabanku na kori 'yata a kan gaskiyarta, to a gabanku nake cewa ita ce daidai, ni ne na yi kuskure, kuma na sani tun a lokacin.

Alhaji Isufu ya ce, "Bon, Malam Sani, wagga magana ta shekara nawa? Mu mun mance."

Na ce, "Ni ban manta ba, ita ma ba ta manta ba."

Alhaji Mumuni ya ajiye kofinsa yana dariya ya ce, "Ni tun ran nan na san yarinyan nan ya fi ka kai. Na yi shiru ne kawai sabi gidanka ne."

Kin ji, ashe shi ma shiru ya yi. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma da na shiga mota sai da na share ido kafin in tayar.

Ummi, ki yafe mini. Ladabinki abin alfaharina ne, ba na so ki zubar da shi a teku. Ki gaida manya, ki ba su wuri, ki yi musu magana mai daɗi a wajen cin abinci. Amma a bakin rijiya ni mahaifinki na sauke miki wannan kunyar, na kuma umarce ki ki ɗaga murya. In wani ya ce ba ki da tarbiyya, ki ce babanki ne ya sa ki.

Kuma ga aikinki na farko. Na tabbata a bayanin da na yi na aikinku a takardar nan na yi kuskure, wataƙila ba ɗaya ba. Ranar da kika samu waya kika kira gida, bayan kin gaisa da mamanki, ki ce a ba ni. Ki gaya mini su ɗaya bayan ɗaya, ki kuma ƙarasa mini maganar soson nan daga inda na katse ki. Zan ajiye mota a gefen titi in saurara har ki gama.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki shiga tekun nan a sa'a ki fito a sa'a. Ya tsare ki da duk waɗanda ke kan jirgin tare da ke, Ya kwantar muku da iska, Ya riƙe muku abin da ke ƙarƙashin ƙasa har sai kun shirya masa. Ya ba idonki gani, Ya buɗe bakinki a lokacin da ya kamata, Ya sa a ji ki. Amin.

Mahaifinki,
Sani